Ƙaramar Sandar Giya: Yadda Ake Gyara Ta da Inganta Ta a Tsofaffin Motocin Ƙasar Gobir

Idan damina ta yi nisa a gabashin jihar Sakkwato, direban da ya ɗauko lodi daga ƙauyukan da ke kewaye da Unguwar Lalle ya san wuraren da dole ya rage gudu. Wani wurin fadama ce da ta sha ruwa ta koma taɓo, wani wurin kuma kwazazzabo ne da ruwa ya tara wa yashi. Kafin ya shiga yakan tsaya, yaron mota ya dira ya murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, shi kuma ya kai hannu ga wata gajeruwar sanda da ke gefen babbar sandar giya. Idan ta shiga da ɗan ƙaran nan nata, fitila ta kama a gabansa, sai a yi bismillah a wuce. Idan kuwa ta yi ta yawo a hannunsa kamar ludayi a cikin ƙwarya, to fasinjoji su fara naɗe ƙafar wando.

A wannan yanki maƙalewar mota ta wuce maganar ɓata lokaci. Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suna cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba a shekarun nan, shi ya sa direbobi ke lissafa tafiyarsu yadda za su isa gari da sauran rana. Awa biyu na haƙa da turi a tsakiyar daji na iya rushe wannan lissafi. Kiran taimako ma ba kullum yake yiwuwa ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar tsaro, har da waɗannan biyu, kuma ko da layukan suka dawo akwai lungunan da sabis ba ya kaiwa.

Matasa da yawa suna gadar irin waɗannan motoci daga iyaye ko iyayen gida. Sukan kashe kuɗi a kan rediyo mai Bluetooth da fitilu masu haske da wurin cajin waya, amma su bar wannan ƙaramar sanda yadda suka same ta. Ga bayani kan aikin da take yi, abin da ke lalata ta, da gyaran da ya cancanci kuɗin mai mota.

Akwatin da ke raba ƙarfi

A motar gida, ƙarfin inji yana bi ta giyabos ya tafi tayoyi biyu kawai. A mota mai jan ƙafa huɗu akwai wani akwati na biyu manne a bayan giyabos, wanda direbobi da makanikai a Najeriya ke kira ogzilari. Farfela biyu ke fita daga cikinsa, ɗaya ta nufi aksul ɗin baya, ɗaya ta nufi na gaba. Aikinsa biyu ne: ya zaɓi ko tayoyin baya kaɗai za su ja mota ko duka huɗu, sannan ya zaɓi ko ƙarfin zai wuce yadda yake ko za a ninka shi a rage gudu.

Abin da aka rubuta a kan ƙodagon sandar Toyota ke nan. H2 shi ne tafiyar yau da kullum, tayoyin baya kaɗai. H4 ƙafa huɗu ne da gudu irin na kullum, don yashi da burji mai santsi. L4 ƙafa huɗu ne da ninkin ƙarfi, don taɓo da hawa da jan wata motar. N kuma furi ne, inda inji ke rabuwa da tayoyi gaba ɗaya.

Lissafin ninkin yana da sauƙi. A tsohuwar Hilux mai akwatin da ake kira RF1A, L4 tana ninka ƙarfi sau 2.28. Idan giyar farko 3.95 ce, giyar cikin aksul kuma 4.10, sai a ninka su ukun, a sami kusan 37. Ma'ana sai inji ya juya sau 37 kafin taya ta juya sau ɗaya. A H4 kuwa, juyi 16 ne kacal. Wannan bambanci shi ke sa mota mai ɗauke da buhunan gero ta fita daga rami a hankali ba tare da an ƙona kuloci ba.

Akwai wani abu da ya kamata kowane sabon direba ya riƙe. Irin wannan akwati yana ɗaure farfelar gaba da ta baya su juya tare, alhali idan mota ta sha kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tazara. A kan yashi ko laka, taya takan ɗan zame ta sauke wannan bambanci. A kan kwalta babu zamewa, sai ƙarfen ya murɗe ya ɗaure. Shi ya sa direban da ya fito daga daji ya hau titin da ya bi ta Goronyo zuwa Sakkwato ba tare da ya koma H2 ba zai ji sitiyari ya yi nauyi, sandar kuma ta ƙi fita.

Daga sanda biyu zuwa ɗaya, zuwa maɓalli

Motocin farko masu jan ƙafa huɗu da suka yaɗu a duniya sanda biyu gare su. Jif ɗin Willys da sojojin Amurka suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da shi daga 1941 yana da sanda ɗaya ta haɗa tayoyin gaba, da wata ta ninka ƙarfi. Land Rover ta Ingila, wadda ta fito a 1948, ta shahara da ƙodago ja da ƙodago rawaya: a danna rawayan don ƙafa huɗu, a ja jan baya don ninkin ƙarfi. Dattawan da suka ga zamanin En'e sun san wannan mota a hannun jami'an gona da na lafiya. A shekarar 1948 ɗin ne kuma wani Ba'amurke mai suna Arthur Warn ya fito da makullin taya, irin wanda yaron mota ke murɗawa, domin a saki tayoyin gaba su yi furi idan ba a bukatar su.

Toyota ta fara kera motar da ta zama Land Cruiser a 1951, ta raɗa mata sunan a 1954. Samfurin 40 ya fito a 1960 ya kai har 1984, shekarar da samfurin 70 ya gaje shi, kuma har yau ana kera shi. Hilux ta fito a 1968, amma sai a 1979 ta sami jan ƙafa huɗu. Waɗannan motoci ne suka cika yankin Sahel. Yaƙin da Chadi ta yi da Libiya a 1987 har sunan Yaƙin Toyota aka ba shi, kuma da su ake ratsa hamada daga Agadas zuwa Dirku.

A kan hanya kamfanoni suka haɗe sanduna biyun suka zama ɗaya don sauƙaƙa wa direba. Daga baya ma suka cire ta. Hilux ɗin da ta fito a 2015 ɗan maɓalli ake murɗawa, kwamfutar mota ta umarci wani ƙaramin injin lantarki ya tura giyar. Yana da daɗin aiki, amma idan ruwa ya shiga injin ko waya ta tsinke, sai an nemo mai na'urar bincike. Tsohuwar sanda kuwa ƙarfe ne ke tura ƙarfe, kuma makanikin gari mai sifana da guduma zai iya gano matsalarta.

Abin da ke ƙarƙashin robar

Idan aka ɗaga robar da ta rufe gindin sandar a tsohuwar Hilux, za a ga sandar tana zaune a kan wani dunƙule mai kama da ƙwallo, a cikin mazauni na roba mai tauri da makanikai ke kira bushin. Bakinta na ƙasa yana shiga tsagar wasu rodi biyu da ke kwance kusa da juna a cikin akwatin. Kowane rodi yana ɗauke da ƙarfe mai kama da cokali mai yatsu biyu, wanda ke tura giya gaba ko baya. Rodi ɗaya na zaɓar ƙafa biyu ko huɗu. Ɗayan na zaɓar H ko N ko L. Lokacin da direba ya karkata sandar gefe a tsakiyar tafiyarta, bakinta ne yake barin rodi ɗaya ya koma ɗayan.

Kowane rodi yana da 'yan gurabe a jikinsa, da ɗan ƙwallon boris da sifirin ke dannawa ya faɗa cikin gurbin. Shi ne ƙaran da ake ji, kuma shi ke riƙe giyar kada ta fita da kanta.

Mai karatu da ya saba da saitin waya zai gane tsarin nan take. Maɓalli biyu ne, ɗaya mai matsayi biyu, ɗaya mai matsayi uku, wato haɗi shida ke nan. Amma huɗu kawai aka rubuta a kan ƙodago. Dalili shi ne wani ɗan fil na ƙarfe da kamfani ya sa a tsakanin rodin biyu, wanda ke hana a shiga L sai an riga an shiga ƙafa huɗu. Kamar yadda kamfanin waya ke kulle wasu saituna ne don kada mai ita ya yi wa kansa ɓarna. Duk maganar inganta wannan sanda tana komawa ga abu biyu: dawo da ita yadda ta fito daga kamfani, ko cire wannan fil a buɗe abin da aka kulle.

Bincike kafin a taɓa aljihu

Na'urar nan ta OBD da ake haɗawa da waya ta Bluetooth a karanta matsalar mota ba za ta yi amfani a nan ba. Sai daga 1996 aka wajabta wannan soket a motocin Amurka, kuma ko a motar da ke da shi, ba ya ganin bushin da ya cinye. Hannu da kunne da ido ne kayan aikin. Waya dai tana da rana: a kunna tocilanta, a ɗauki bidiyon gindin sandar ko na ƙarƙashin mota yayin da wani ke motsa ta, sannan a kalla a hankali a ga inda motsin ke ɓacewa.

Idan sandar tana lilo ta ko'ina, yawanci bushin ne ya farfashe. Zafin bazara a Sakkwato yana haura digiri 40, ga zafin giyabos daga ƙasa, ga shekara talatin ko fiye. Roba ba ta jure wannan. Idan kuma robar da ta rufe gindin ta yage, ƙurar hunturu da yashi suna shiga su haɗu da giris su zama kamar sanfefa.

Idan sandar ta ƙi fita daga ƙafa huɗu, a fara zargin murɗewar nan ta kwalta. A miƙe sitiyari, a ja da baya 'yan taku kaɗan, a sake gwadawa da hannu mai laushi. Tayoyi masu bambancin girma suna jawo irin wannan ɗaurewa ko a miƙaƙƙiyar hanya, kuma wannan ya zama ruwan dare inda ake sayen tayar gwanjo ɗaya-ɗaya. A karanta lambar da ke gefen kowace taya, huɗun su zama iri ɗaya, iskarsu ma daidai.

Idan giya tana fita da kanta ana cikin tafiya, a duba abu uku. Sifirin ɗin da ke danna boris yana iya yin sanyi. Robar da giyabos ke zaune a kai tana iya mutuwa, sai akwatin ya riƙa tsalle sandar tana bugun bakin ramin da ke ƙasan mota. Ko kuma an ɗaga jikin motar don a sa manyan tayoyi, sandar ta gajarce ta kasa kai ƙarshen tafiyarta. Sai an kawar da waɗannan ne za a fara zargin haƙoran giya.

Idan sandar ta shiga, fitila ta kama, amma tayoyin gaba ba sa ja, to matsalar tana wajen makullan taya. Fitilar sandar kawai take gani, ba ta san halin da tayoyi ke ciki ba. Akasin haka ma yana faruwa: ƙafa huɗu na aiki amma fitila ba ta kamawa, saboda ɗan makunnin da ke jikin akwatin ya mutu ko wayarsa ta tsinke.

A ƙarshe a kwance noti na sama da ke jikin akwatin a duba mai. Ya kamata ya kawo bakin ramin. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga lokacin tsallake gulbi, sai a zubar a sa sabo. Man giya mai lamba 75W-90 ake sa wa na Hilux, kuma abin da yake sha bai kai lita 2 ba.

Mataki na farko: a dawo da ita yadda take

Ga mafi yawan motocin da ke jigila tsakanin Isa da Sabon Birni da Shinkafi, wannan matakin ya wadatar. A ɗauki hoton komai da waya kafin a kwance. A sa sandar a H2, a cire ƙodago da robar rufi, a saki murfin da ke riƙe ta, a zaro ta. A toshe ramin da tsumma mai tsabta nan take, domin guntun roba ko noti da ya faɗa ciki na iya sa a sauke akwatin gaba ɗaya. A kankare ragowar tsohon bushin, a wanke, a sa sabo da ɗan giris. A duba bakin sandar na ƙasa. Idan ya side, mai walda zai iya cika shi a goge da zarto ya dawo girmansa.

Idan ba a sami bushin na kamfani ba, masu injin gurza ƙarfe a Kano da Kaduna suna iya fitar da shi daga farar roba mai tauri idan aka kai musu sandar da ma'aunin mazaunin. A canja sifirin da boris idan sun gaji, a sa sabuwar robar rufi, a gyara makunnin fitila. Aikin wuni ɗaya ne, kuma direban da ya saba da sanda mai lilo zai ji kamar an canja masa mota.

Mataki na biyu: tagwayen sanda

Wannan shi ne gyaran da ya fi yawa a bidiyon YouTube, inda ake kiran sa twin stick. Ana cire sanda guda a sa biyu, kowace da rodinta, sannan a zare ɗan fil ɗin nan da ke tsakani. Komawa ne ga tsarin jif na 1941, har da ƙari. Kamfanoni irin su Marlin Crawler da Trail-Gear da ke jihar Kalifoniya a Amurka suna sayar da kayan haɗin na tsofaffin Toyota. Masu tsofaffin Ford da Chevrolet da Dodge na can suna yi wa akwatinsu na NP205 irin wannan aiki, haka masu Jeep mai akwatin Dana 300.

Amfaninsa biyu ne. Kowace sanda gaba da baya kawai take tafiya, babu laluben gefe. Sannan ana samun matsayin da aka kulle, wato L2: ninkin ƙarfi a tayoyin baya kaɗai. Yana da amfani wajen juya mota mai lodi a lungun kasuwa mai ƙasa busasshiya, ko ja da baya a hankali zuwa bakin rumbu, ba tare da sitiyari ya ɗaure ba.

Sai dai akwai abin da bidiyoyin ba sa yawan faɗa. Duk motar da ke da makullan taya na hannu tana da L2 a kyauta: a bar makullan a sake, a sa sandar a L4, ƙarfin zai tafi baya kaɗai. Abin da tagwayen sanda ke ƙarawa shi ne a iya sauyawa tsakanin L4 da L2 daga kan kujera, makullan suna kulle, ba sai wani ya dira ba. A hanyar da direba ba ya son tsayawa ko na minti ɗaya, wannan na iya zama dalili mai ƙarfi. Ga wanda yawancin tafiyarsa kwalta ce kuwa, ado ne kawai.

Zare fil ɗin ba aikin gefen titi ba ne. Sai an cire notin da ke riƙe sifirin da boris, an matsar da rodi, an jawo fil ɗin da maganaɗisu, kuma sau da yawa ya fi sauƙi idan an sauke akwatin ƙasa. Haka kuma ba kowane akwati ne kayan ke hawa ba. A cikin Hilux kanta akwai wanda sandarsa ke shiga ta saman akwatin, akwai wanda take shiga ta wutsiyar giyabos, akwai kuma na baya-bayan nan masu aiki da sarƙa maimakon haƙoran giya. Tsofaffin Land Cruiser nasu tsarin daban ne, sandar tana haɗe da 'yan hannaye na ƙarfe a gefen giyabos, kuma a can ramukan fil da ke haɗa hannayen ne ke faɗaɗa su kawo lilo.

Mataki na uku: sanda mai kebur

Akwai kuma tsarin da ake ɗora sandar a duk inda aka ga dama, a haɗa ta da akwatin da kebur mai turawa da ja, irin na kuloci amma ya fi kauri. An yi shi ne don motocin da aka canja wa inji ko giyabos har ramin asali ya daina dacewa. Yana rage girgiza a hannu. Amma kebur na tsoron zafin salansa da yashi, kuma idan ya tsinke a daji, walda ba ta gyara shi. Wanda ba dole ta sa shi ba, gara ya tsaya a kan ƙarfe.

Inda ake yin ɓarna

Kamfani bai sa wancan fil a banza ba. A L4, ninkakken ƙarfin yana rabuwa tsakanin aksul biyu. A L2, aksul ɗin baya kaɗai ke ɗauke da shi, ko ta tagwayen sanda aka samu ko ta sakin makullai. Idan aka haɗa da lodin da ya wuce ƙima, aka taka totur da ƙarfi, abin da ke karyewa shi ne sandar aksul ko mahaɗar farfela. L2 na tafiyar hawainiya ce a wuri mai tauri. Taɓo da hawa da jan mota aikin L4 ne.

Ba a shiga L ko fita daga ita ana gudu. A tsaya, a taka kuloci, sannan a tura. Ba a kuma ja sandar zuwa H4 ana tafiya idan makullan taya a sake suke, domin farfelar gaba a tsaye take, haƙora za su ci juna. Kada a ɗora wa sandar bututu don a ƙara ƙarfi, abin da zai lanƙwashe yana cikin akwatin.

N ma tana da nata haɗarin. Motar da aka bari a N za ta gangara ko da babbar giya tana ciki, kuma da sanda biyu ya fi sauƙi fasinjan tsakiya ya ture ɗaya da gwiwa. Duk wanda ya sa tagwayen sanda ya rubuta matsayin kowace a fili a manna a gaban direba, domin mota takan wuce hannu fiye da ɗaya a mako.

Makullan taya ma suna son kulawa. Barin su a kulle kullum na ƙara shan mai, abin da kowa ke ji a aljihu tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Barin su a sake duk tsawon rani kuma na sa kayan gaba su bushe. A kulle su a ɗan yi tafiya a kan ƙasa sau ɗaya a wata, mai ya zagaya.

Sayen kaya daga nesa

Daga Unguwar Lalle, manyan kasuwannin kayan mota suna da nisa: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas. Maraɗi ta fi kusa, amma rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, wanda Najeriya ba ta janye ba sai a Maris na 2024, ya nuna cewa wannan hanya na iya toshewa dare ɗaya. Yawancin ciniki yanzu ta WhatsApp ake yi, a turo kaya a motar haya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne faɗin shekarar mota kawai. Motar da ta shekara talatin a hanya wataƙila an canja mata giyabos sau biyu. A ɗauki hoton farantin ƙarfe mai lambar shasi da ke wajen inji, a ɗauki hoton akwatin ta sama da ta gefe, sannan a ajiye tsohon kayan kusa da rula a ɗauka. A nemi mai shago ya turo bidiyon nasa kusa da rula shi ma kafin a tura kuɗi. Kayan da za a yi oda daga Amurka da dala ake biya, ga kuɗin jigila, kuma idan bai hau ba mayar da shi ya fi sayensa wahala. Bidiyon koyarwa da taswira kuma a sauke su a waya tun ana cikin gari, inda sabis yake da ƙarfi.

Bayan an gama aiki, kada gwajin farko ya zama ranar kasuwa da mota cike. A sami fili mai yashi kusa da gari, a shiga kowane matsayi a fita sau da yawa, a tabbatar fitila na bin sanda, a leƙa ƙarƙashi a ga ko mai na ɗiga. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne watan Afrilu ko Mayu, hanyoyi a bushe, makaniki bai cika da motocin da suka maƙale ba. Wanda ya jira ruwan Yuli ya tuna masa zai yi gyaran ne a bakin fadama, da lodin mutane a bayansa.